Yawon Yamma a Trani

Da rana ta yi sanyi, duk mutanen garin Trani kan fito bakin teku cikin kwalliya, ana tafe ana gaisawa, iska na kaɗawa. Nan Nunzia ta ce wa Gaetano, tsohon mai gasa burodi, abokin yawonta:

"Ɗana ya ce in koma birnin Milano wurinsa."

Ya tsaya yana kallon fitilun kwale-kwale. "Can wa zai rage sauri saboda gwiwarki?"

"Daina kewaye-kewaye, tsoho. Faɗi maganarka."

"Ki yi zamanki a nan. Ki aure ni."

Ta dubi abokan marigayi mijinta, zaune ƙofar shagon kofi sun zuba musu ido. Sai ta saƙala hannunta cikin nasa.

"Mu bi ta gabansu," ta ce. "Kafin mu kai gida labari ya isa Milano."