Golan 'Yan Kore

Farfesa Sirajo ya sake faɗuwa, sandarsa ta yi gabas, shi ya yi yamma. Masu cin kaza a bene na sama suka tafa masa. Haka filin yake, ƙanƙara shimfiɗe a tsakiyar wani katafaren kanti, a waje kuwa rana tana narka kwalta.

Likita ne ya jawo. Ya ce lallai ya riƙa motsa jiki, shi kuma Farfesa ya ce a zafin Kuala Lumpur ko kaza ba ta gudu, sai dai a samo masa wasan da ake yi cikin sanyi. Aka samo. Mutumin da ya yi furfura yana koyar da tarihi ya ɗaura takalmi mai wuƙa a ƙasa, ya shiga gasar hoki ta 'yan koyo, tare da wani likitan haƙori, da direban tasi, da wasu da Allah kaɗai ya san sana'arsu.

Kyaftin ɗinsu, Madam Lim, dokarta ɗaya ce. Duk wanda gasa ta ƙare bai zura ko ɗaya a raga ba, zai koma ajin yara, inda ake tura wani tsuntsun roba mai murmushi don kada a faɗi. Farfesa ya leƙa ajin. 'Ya'yan ɗalibansa ne a ciki, iyayen kuma suna gefe riƙe da wayoyi. Ya san kafin ya kai tsuntsun ƙarshen fili, hotonsa ya isa Kano.

Abin haushin shi ne kowa ya ci, har direban tasi da ke wasa da sanda a juye. Dalili kuwa golan 'Yan Kore, ƙungiyar masu korayen riguna. Wannan bawan Allah ragarsa ƙofar masallaci ce, ba a hana kowa shiga. Tsaye yake ƙiƙam kamar turke, faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo yana wucewa ta tsakanin ƙafafunsa yana kallo.

Sai fa in Farfesa ne. Da ya doso, sai golan ya zube a kan gwiwoyinsa, ya sunkuyar da kai, katifun ƙafarsa su rufe ƙanƙara ruf. Farfesa kuwa bai iya ɗaga faifan sama ba, sharo shi yake yi a ƙasa kamar mai sharar tsakar gida. Faifan ya zo ya daki katifa ya kwanta. Sannan daga cikin kwalkwali a ji golan yana gunguni. Farfesa ya yanke hukuncin zagi ne da yaren Malay. Ana hura usur kuma ya ranta a na kare, ba musabaha, fuska a rufe.

Wata Lahadi, ko Asabar ce, ranakun garin duk kamanninsu ɗaya, Farfesa ya biya gidan 'yarsa Kausar a unguwar Taman Melati ya juye mata takaicinsa. Mijinta Najib, ɗalibin digiri na uku, bai dawo ba, ya fita da ƙatuwar jakarsa ta wanki kamar kowane mako. Farfesa bai yi mamaki ba. Yaron kunya ce ta yi masa yawa, bai taɓa haɗa ido da shi ba, in sun haɗu a lif ma sai ya bi matakala.

"Da golan nan ya samu rabin tarbiyyar mijinki," in ji Farfesa, "da ba haka ba."

Kausar ta ƙware da shayi, ta shige kicin tana tari.

Wasan ƙarshe ya faɗo da 'Yan Kore. Madam Lim ta dafa kafaɗar rigarsa ta ce, "Farfesa, yau boleh, lah," wato yau zai iya. 'Yan ƙungiya suka haɗa baki, duk wanda ya sami faifan ya miƙa masa. Har 'Yan Koren ma, don tausayi, suka riƙa darewa suna ba shi hanya.

Lokaci na gab da cika ya tsinci kansa shi kaɗai, ba kowa tsakaninsa da raga sai golan. Ya yi bisimilla. Ya tattara duk ƙarfin da tsufa ya rage masa, ya sharo faifan.

Golan ya zube. Faifan ya kwanta. Usur ya tashi.

Tsayawa ma darasi ne da Farfesa bai kai ba. Ya kife rub da ciki, ƙanƙara ta ja shi sululu har gaban raga, kunnensa ya tsaya daidai wayoyin ƙarfen da suka kare fuskar kwalkwalin golan. Ta gefen ido ya hango Madam Lim tana turo tsuntsun roba. Golan ya ƙara duƙawa, ya fara gunguninsa, sai dai wannan karon Farfesa ya ji shi sarai, da Hausar Kano tsantsa.

"Barka da yamma, Baba, an yini lafiya?" in ji Najib, wanda tun yana yaro aka koya masa ba a tsayawa tsaye a gaban suruki.