Teku a Bayan Gilashi

Maƙwabcinmu Wilmer masunci, sarkin ƙarni, ranar har turare ya fesa. Ya ja budurwarsa Yuleidis zuwa gidan kifayen jami'a a Santa Marta, gaban kunkurun tekun da ya ceto daga ragarsa.

"Ga shaidana nan. Ki aure ni, Yule."

Ta daɗe tana kallon ruwan.

"Za ka bar kwalekwalen?"

"Haba ke kuwa! Mu ci me, yashi?"

Ko murmushi ba ta yi ba.

"Tun da teku ya cinye Baba, a bayan gilashi kawai nake iya kallonsa. Na gama zaman jiran kwalekwale."

Ta ɗan jira ko zai ce ya bari. Wilmer mai bakin tsiya ya sunkuyar da kai. Ta goge ido, ta bi ɗaliban da suka zo kallo suka fita.