Dambun Malama Sa'ade

Ranar da jami'a ke bikin cika shekara ashirin da mayar da karatu ta waya, Inna ta ɗaure kwanon dambun nama a ɗankwali.

"Kuluwa, matar nan ta koyar da ke a ɗakina har kika gama. Sai mun gode mata ido da ido."

Kuluwa ba ta taɓa taka jami'ar ba. Da suka isa sai ta saki baki, don azuzuwan duk sun zama lambu, tumatir har bakin taga.

"Baba, Malama Sa'ade muke nema," ta ce wa mai gadi.

"Allah ya jiƙanta, ai ta daɗe da rasuwa. Na'ura ce ke koyarwa da fuskarta da muryarta. Amma ku shiga ɗakin can."

Suna shiga ɗakin bango ya haska, sai ga Malama a jikinsa da gyalen da ta yi darasin ƙarshe da shi.

"Kuluwa, ashe doguwa ce ke! Inna, ya tarin?"

Kuluwa ta ja da baya. Inna kuwa ta durƙusa, ta ajiye kwanonta a layin kwanukan da ba wanda ya buɗe.

"Allah ya kai haske kabarinki, Malama."

"Amin," in ji Malama.