Awon Iskar Mayanka

"Malam Na Allah, ɗana na kwance asibiti a Tasawa, ƙirji ya toshe, ka ce iskarmu lafiya lau?" Kubra ta daka wa shugaban kwamitin unguwa tsawa.

"Hajiya, ba ni na ce ba. Na'urar awon iska da masana suka kafa a mayanka ba ta ga hayaƙi ba. Shi ya sa ba a hana mahauta babbaka da taya ba."

Ta nufi mayanka a fusace. Ga na'urar bisa sanda, an naɗe ta da leda, an ɗaure tamau.

"Wa ya yi wannan?"

Mai gadi ya washe baki. "Ni ne, Hajiya. An ce tsada gare ta. Wannan hayaƙi ai sai ya kashe ta!"