Wa Ya Ga Gadar da Idonsa?

"Kowane shafi ya buga, mu kaɗai muka rage!" in ji Markus, editan jaridarsu ta intanet a Gusau. "Ma'u, ki nemo wanda ya ga gadar nan da idonsa, ko in ba wani kujerarki."

Tun hantsi take bin labarin cewa ruwa ya tafi da gadar hanyar Kekun Waje. Mai shafin Tsafe ya ce daga shafin Bungudu ya kwafo. Na Bungudu ya ja mata rai, sannan ya haɗa ta da wani Sabiru.

"Malam Sabiru, don Allah, ka je wurin?"

"Ina fa, Hajiya! Amma majiyata ba ta ƙarya, 'yar jarida ce. Bari in turo miki."

Saƙon ya shigo: "Da irin ruwan jiya, anya gadar nan ba ta tafi ba? Inna, kada ki fito."

Ma'u ce da kanta ta rubuta shi da safe, a zauren danginsu na Wasaf.

Markus ya leƙo. "Kin samo majiyar?"

"Na samo ta, Oga. Ita ma ba ta je ba."