Ciwon Tarsim Ba Ya Jiran Likita

Tarsim yana cikin ɗaura gorunansa a ƙugu abin ya sake taso masa. Zuciyarsa ta ɓalle da gudu, fat-fat-fat, har jijiyar wuyansa tana harbawa. Ba gudu ya yi ba, ba kuma tsorata ya yi ba. Ya dafa ƙyauren kicin, ya sulale ya zauna.

Sana'arsa hawan kwakwa ce, kamar yawancin mazan ƙauyensu a tuddan Banyumas. Safe da yamma yakan hau ya sauko da ruwan furen kwakwa, matarsa Darsih ta dafa shi har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Ruwan nan ba ya jira. In ya daɗe a sama sai ya yi tsami.

"Yau ma?" in ji mahaifiyarsa, Mbok Rasminah. "Sanyi ne ya shige ka. Tuɓe rigar."

Ta ɗauko tsohon kwabo da man zafi, ta yi ta kankare masa baya har ya yi jajayen layuka. Kafin ta gama, zuciyar ta koma daidai lokaci ɗaya.

"Ka gani?" ta ce. "Hannun nan nawa bai taɓa ba ni kunya ba."

Abin da ke ƙona wa Tarsim rai ke nan. Ciwon ya zo babu sallama, ya tafi babu sallama, kowa kuma ya ce maganarsa ce ta fito.

Da Darsih ta matsa masa, wata rana da abin ya tashi suka hau babur zuwa ƙaramin asibitin gunduma. Suna hanya ya lafa. Likita ta manna masa wayoyi a ƙirji, sakamako ya fito lafiya lau.

"Wannan ba ya nufin ƙarya kake yi," in ji ta. "Akwai ciwon da ba a kama shi sai yana cikin yi. In ya taso, ka zauna ko ka kwanta. Ka ja numfashi, ka toshe baki da hanci, ka yi yunƙuri kamar mai bayan gida, ko ka tsoma fuska a ruwa mai sanyi. In bai tsaya ba, ko ka ji jiri ko ciwon ƙirji, a kawo ka nan take. Kada ka kuskura ka hau bishiya a lokacin." Ta kuma ce ya je birni ya ga likitan zuciya.

A gida kuwa, magana ɗaya ce ta shiga kunnen kowa: na'ura ba ta ga komai ba.

"To ai shi ke nan," in ji yayansa Kartam, wanda yakan hau masa bishiyoyi in ya kwanta. "Birni kuma na mene ne? Wa zai yi maka aikin kana can kana yawo?"

Aka bar zancen birni.

Dabarar likitar ta yi masa amfani wasu lokuta. Sai ran nan Kartam ya riske shi a bayan ɗaki, a tsugune, kumatu a kumbure, fuska ta yi jawur.

"Kai! Ƙwai za ka saka mana?"

Kafin yamma labari ya kai rumfar mai shayi. Duk inda ya gifta sai ya ji ana kiran kaza. Daga nan ya daina faɗa wa kowa in abin ya zo, sai dai Darsih ta gane a fuskarsa.

Wata la'asar ciwon ya taso ya ƙi tafiya. Ya yi yunƙurin, ya tsoma fuska a ruwa, a banza. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Kang, tashi mu tafi," in ji Darsih, da kiran girmamawar da ake yi wa miji ko yaya a garinsu. "Yanzu ne za su gani da idonsu."

Tana neman makullin babur Kartam ya shigo, rai a ɓace.

"Ruwa na can yana tsami, kai kana nan kana shan iska. Na gaji, Tarsim. Gwiwata ba ƙarfe ba ce. In ba ka son aikin, fito fili ka faɗa."

"Kang, sa hannunka a nan ka ji," in ji Tarsim, yana nuna ƙirjinsa.

"In ji me? Abin da na'ura ba ta ji ba?"

"Daure ka hau, ɗan nan," in ji Mbok Rasminah daga gindin murhu. "In ka sauko na kankare maka."

Tarsim ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙe ya suri gorunansa. Darsih ta riƙe masa hannu, ya fizge.

Ya kama hawan kwakwar, ya kusa kaiwa ga ganye duhu ya rufe masa ido. Hannuwansa suka saki, ya faɗo ƙasa.

Da aka isa da shi asibitin birni zuciyar tana kan gudunta, na'ura ta kama ta sarai. Aka yi masa allura, nan da nan ta koma daidai. Likitan can ya ce sanannen ciwo ne, ana shawo kansa da magani ko da ɗan ƙaramin aiki. Sannan ya sassauta murya ya yi maganar ƙashin baya. Ƙafafun Tarsim ba za su sake ɗaukarsa ba.

Kartam ya tsaya a bakin gado, idanu jawur.

"Me ya sa ba ka faɗa mana abin ya kai haka ba?"

"Na faɗa, Kang," in ji Tarsim, ya juya fuskarsa bango.

Jama'a, ciwon da ke zuwa ya tafi, ciwo ne. In wani ya ce zuciyarsa na gudu haka kawai, a yarda da shi, a zaunar da shi, a kai shi asibiti tun abin yana yi. Gori ba ya warkar da kowa, yana dai iya tura mutum inda ba zai dawo daidai ba.