Ko Laima Ba Zai Ara Masa Ba

Sjoerd ya jingina sabon kekensa na tsere a ƙofar ofis, na uku ke nan a bana, ya yagi rabin burodi da cukun abokiyar aikinsa Annelies ba ko tambaya. Wata ya yi nisa, aljihunsa ya bushe, ta saba.

Shi ya rubuta manhajar da za ta riƙa auna wa bankin da suke wa aiki masu neman rancen gida, ta faɗi wa zai biya, wa zai sulale. Ita kuwa aikinta tantancewa, wato neman aibin abin da ya rubuta. In kwamiti bai amince da manhajar ba, ƙarin girmansa ya bi ruwa. Ga ɗan gidan nan na bakin ruwa a birnin Utrecht da ya riga ya nemi rance a kansa, kuma wallahi ya gaji da jigilar kwalaye daga haya zuwa haya.

A ƙa'idar aikin, da bayanan masu ajiya na gaske ake gwada manhaja, bayan an goge sunayensu. A ciki Annelies ta tsinci wani bawan Allah da manhajar ta yi watsi da shi.

"Sjoerd, ka tsananta wa mutumin nan. Albashinsa mai kyau ne, bai taɓa fashin biya ba. Sassauta ma'aunin."

"Sauya gida kamar sauya riga, asusu ƙarƙaf kafin wata ya mutu," in ji shi, baki cike. "Hannunsa rariya ne."

"Ka dai sake dubawa."

Ina, bai duba ba. Ranar kwamiti ya miƙe ya zuba bayani kamar lauya. Ya ce lissafi bai san tausayi ba, kuma irin wannan mutum ko laima ba zai ara masa ba. Har shugaban kwamiti sai da ya murmusa. Aka amince, ba a sauya ko layi ɗaya ba. Annelies ta sa hannu tana kallon waje ta taga.

Ran Litinin manhajar ta fara aiki. Sjoerd ya sayo wa ofis kek, yana cikin yankawa wayarsa ta yi ƙara. Sashen rance ne, manhajar ta ƙi ba shi rancen gidan. Ya ajiye wuƙar.

Annelies ta ajiye laimarta a gabansa.

"Riƙe, ana ruwa," ta ce. "Ni dai na nema maka sassauci, kai ka ƙi."